Kama da Wane Ba Ta Wane: Kalmomin Ingilishi Masu Rikita Alƙalami

A ƙarshen shekarar karatu da ta gabata wani abokin karatuna ya kawo mini taƙaitaccen bayanin kundinsa, wanda ya rubuta da Ingilishi, domin in duba masa kafin ya miƙa. Kundin kansa da Faransanci yake, kuma aiki ne da aka sha wahalarsa, don kuwa ya yi watanni yana bin kasuwanni yana tattara kalmomin aro daga bakin ƴan kasuwa. Amma a jimla ta biyu ta wannan rabin shafi sai na tarar ya rubuta: *This study examines French and it's affect on traders and there speech.* Kurakurai uku ke nan cikin kalmomi goma sha biyu. Abin da ya so ya rubuta shi ne *its*, da *effect*, da *their*. Kwamfutarsa ba ta ja masa jan layi ko ɗaya ba, saboda kowace daga cikin kalmomin nan uku tana nan daram a ƙamus, wurin zamanta ne kawai aka saɓa.

Abin bai tsaya ga maki ba. Wannan rabin shafi shi ne abin da malami a Kano ko Akara ko Landan zai fara karantawa, wataƙila ma shi kaɗai zai karanta, kafin ya yanke shawarar ko aikin ya cancanci a buɗe shi. Haka zancen yake ga wasiƙar neman gurbin ƙaro ilimi. Irin wannan kuskure ba ya hana a fahimci marubuci, amma yana rage masa kwarjini a idon mai karatu tun kafin a saurari hujjarsa.

Galibi akan magance matsalar ta hanyar ba ɗalibi dogon jerin kalmomi bibbiyu ya haddace. Haddar tana da amfaninta, sai dai ɗalibin kimiyyar harshe ya fi ƙarfin wannan. Ruwa ba ya tsami banza: kusan kowace tagwayen kalmomi da suke rikita mu suna da dalili a tarihin sauti ko a nahawu, kuma wanda ya gane dalilin ba ya bukatar ya riƙe jerin a ka.

Baki ya haɗa, alƙalami ya raba

Mu fara da abin da muka saba da shi. Rubutun Hausa na boko yana bin furuci sau da ƙafa a wajen baƙaƙe, amma ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Saboda haka muna da kalmomi masu rubutu ɗaya da furuci daban. Wanda ya karanta "kukan da kuka ji daga gindin kuka ya fito" ya ci karo da kalmomi uku mabambanta cikin riga ɗaya, amma bakinsa zai raba su ba tare da ya yi tunani ba. Haka *gari* na zama da *gari* na tuwo, haka *wuya* na jiki da *wuya* ta wahala. A Hausa alƙalami ne yake haɗawa, baki ya raba.

Ingilishi ya juya lamarin. A can baki ne yake haɗawa, alƙalami ya raba: *their* da *there* da *they're* furucinsu ɗaya ne a bakin akasarin masu harshen, haka *write* da *right* da *rite*. Bahaushen da ya saba dogara da kunnensa wajen rubutu, idan ya shiga Ingilishi da wannan ɗabi'a, ya ɗauki makamin da bai dace da fagen ba.

Sai dai mu ƴan Nijar ba baƙi ba ne ga wannan matsala, domin Faransanci ya riga ya horar da mu a kanta tun muna firamare. Wa ya manta da *a* da *à*, ko *ces* da *ses* da *c'est* da *s'est*, ko ƙarshen aikatau mai *-é* da mai *-er*? Kuma dabarar da malaman shibta suka koya mana ita ce ta musanyawa: a sa *avait* a gurbin kalmar, idan jimla ta tsaya to *a* ce marar alama, a sa *vendre* ko *vendu* a ji wadda ta zauna. Wannan dabara tambaya ce ta nahawu, watau wane aiki kalmar take yi a jimla. Ita ɗin dai ce take warware yawancin rikicin Ingilishi. Abin mamaki shi ne yadda muke ajiye ta a ƙofar ajin Ingilishi kamar takalmi.

Yadda rubutu ya tsaya, furuci ya ci gaba da tafiya

A zamanin mawaƙin nan Chaucer, wanda ya rasu a 1400, rubutun Ingilishi bai yi nisa da furuci kamar yanzu ba. Ana furta *k* da ke farkon *knight*, ana furta *w* da ke farkon *write*, kuma *gh* da ke cikin *night* da *right* sauti ne na gaske, irin wanda har yau ake ji a kalmar Jamusanci *Nacht*. Ke nan a lokacin *knight* da *night* ba su yi kama a kunne ba.

Abubuwa biyu suka faru kusan lokaci guda. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster, daga nan rubutu ya fara daskarewa sannu a hankali, har ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya ƙara ɗaure shi. A ɗaya ɓangaren kuma, tsakanin wajen 1400 zuwa 1700, dogayen wasulan harshen suka yi ta sauya gurbi, abin da masanin nan ɗan ƙasar Denmak, Otto Jespersen, ya raɗa wa suna Babban Sauyin Wasula. Kalmomin *meet* da *meat* wasali biyu ne daban a da, na farko kamar *é* mai tsawo, na biyu kamar *è* mai tsawo. Sauyin ya tura su duka biyu suka haɗu a wuri ɗaya, rubutu kuwa ya ci gaba da nuna bambancin da baki ya daina yi. Daga nan muka gaji *see* da *sea*, *week* da *weak*, *steel* da *steal*. Ƴan kalmomi kaɗan irin su *great* da *break* da *steak* suka ƙi bin ayari, shi ya sa *ea* ɗinsu ya fita daban.

Rubutun Ingilishi, a taƙaice, hoton furucin ƙarni na 15 ne da ake ta amfani da shi bayan mai hoton ya tsufa. Amma yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: yana nuna dangantakar kalmomi. Harafin *w* da ba a furtawa a *two* shi ne wanda ake ji a *twin* da *twelve* da *twenty* da *between*, duk ƴan gidan "biyu". Kalmar *there* tana tafiya da *here* da *where*, dukkansu na wuri. Ita kuwa *their* ƴar gidan *they* da *them* ce, kuma su ukun baƙi ne a harshen: daga bakin mutanen Arewacin Turai da suka mamaye arewaci da gabashin Ingila a ƙarni na 9 aka aro su, suka kori wakilan sunan asali a hankali. Chaucer kansa yana rubuta *they*, amma bai karɓi *their* da *them* ba, tsofaffin siffofin yake amfani da su. Harshe ya ari wakilin suna abu ne da ba a cika gani ba, kuma ya isa ya nuna zurfin cuɗanyar da aka yi.

Waƙafin sama

Babu alamar da ta kai ɗan waƙafin nan na sama, wanda Faransanci da Ingilishi suke kira *apostrophe*, jawo rigima. A Hausa alhamza muke nunawa da shi, watau sauti ne mai zaman kansa kamar a *sa'a* da *jami'a*. A Faransanci, inda mai buga littattafai Geoffroy Tory ya yaɗa shi a ƙarni na 16, aikinsa shi ne nuna wasalin da aka shafe. Ingilishi ya aro shi da wannan aiki, sannan ya ɗora masa na biyu, watau nuna mallaka. Asalin na biyun ma daga na farkon yake, domin a tsohon Ingilishi ɗafa-ƙeyar mallaka ta sunaye da yawa *-es* ce, da wasalin ya faɗi sai aka sa alamar a gurbinsa.

Ayyukan nan biyu suna zaman lafiya har sai an zo kan wakilin suna. Ɗalibi ya koyi cewa *the student's book* mallaka ce, sai ya yi ƙiyasi mai ma'ana ya ce mallakar *it* ita ce *it's*. Ƙiyasin ba wauta ba ne, hasali ma tarihi yana bayansa. A tsohon Ingilishi *his* ce mallakar namiji da ta abin da ba namiji ba ba mace ba. Kalmar *its* ba ta bayyana ba sai ƙarshen ƙarni na 16, kuma fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James, bugun 1611, ba ta yi amfani da ita ba. Da ta shigo, marubuta da yawa da waƙafi suke rubuta ta. Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, haka yake yi a rubuce-rubucensa. Sai a ƙarni na 19 ƙa'idar yau ta zauna sosai.

Ƙa'idar kuwa ita ce wakilan sunan mallaka ba sa ɗaukar waƙafi: *his, hers, ours, yours, theirs, its, whose*. Duk inda aka ga waƙafi a jikin irin waɗannan wakilan suna, kalmomi biyu ne aka taƙaita. Saboda haka gwajin ɗaya ne tak, a warware kalmar a gani. *It's* tana warwaruwa zuwa *it is* ko *it has*, *you're* zuwa *you are*, *they're* zuwa *they are*, *who's* zuwa *who is* ko *who has*. Da abokina ya karanta jimlarsa a matsayin *French and it is effect*, da kunnensa ma ya ƙi ta. A rubutun ilimi akwai hanyar da ta fi sauƙi: tunda ba a son taƙaitattun siffofi a kundi ko maƙala, wanda ya ga *it's* a aikinsa ya san ko dai kuskure ne ko kuwa salon da bai dace ba, dole ya gyara ko ta yaya.

A kan sunaye kuma siffofi uku ne masu furuci ɗaya: *students* jam'i ne kawai, *student's* na ɗalibi ɗaya, *students'* na ɗalibai da yawa. Sa waƙafi a jam'in da ba mallaka a cikinsa ya yi yawa a Ingila har ana yi masa laƙabi da waƙafin masu sayar da kayan lambu, saboda yadda ake ganinsa a allunan farashi. Wannan ya nuna cewa kuskuren ba na baƙin harshe kaɗai ba ne. Masu harshen sun fi mu faɗawa wasu ramukan, domin su da kunne suka fara koyo, mu kuwa da allo.

Tunda ana zancen mallaka, akwai wani tuntuɓe da Faransanci yake jawo mana. *Son* da *sa* suna bin jinsin abin da aka mallaka, *his* da *her* kuwa suna bin jinsin mai mallakar. Shi ya sa ɗalibi yakan fassara *sa mère* da *her mother* alhali ɗa namiji ake nufi. Hausa tana nuna duka biyun a kalma ɗaya: *nasa, tasa, nata, tata*. Gaɓar farko tana yin aikin Faransanci, ta biyu tana yin na Ingilishi. Wanda ya bi ta Hausa kai tsaye ba zai ɓata ba.

Kalma ɗaya da ta rabu biyu

Wasu tagwayen tagwaye ne na gaskiya, cikinsu ɗaya. *To* da *too* kalma ɗaya ce a tsohon Ingilishi. Inda aka ƙarfafa furucinta da ma'anar "ma" ko "fiye da kima" sai aka riƙa ƙara mata *o* daga ƙarni na 16. *Of* da *off* haka suke, ba su gama rabuwa ba sai wajen ƙarni na 17. *Then* da *than* ana musanya su har zuwa wajen 1700, kafin a keɓe ta farko ga lokaci, ta biyu ga kwatanci. Mafi ban sha'awa su ne *flower* da *flour*. Garin alkama mafi laushi shi ne "furen" garin, kamar yadda Faransanci yake cewa *fleur de farine*, kuma Johnson a 1755 rubutu ɗaya ya ba ma'anonin biyu.

Kusa da waɗannan akwai matsalar haɗawa da rabawa: *everyday* sifa ce, *every day* bayanau ne na lokaci, *already* "riga", *all ready* "duk sun shirya", *maybe* "wataƙila", *may be* aikatau biyu. A nan bai kamata mu yi wa kowa dariya ba, don laifi tudu ne. Mu nawa ne muke raba *akan* ta sabo da *a kan* ta wuri a rubutunmu na Hausa, ko *kuma* da *ku ma*, ko *saboda* da *sabo da*? Ciwon ɗaya ne, maganin ma ɗaya: idan kowane ɓangare yana riƙe da ma'anarsa, a raba.

Kwanta da kwantar da

Tagwayen da suka fi wahalar da masu Ingilishi su kansu su ne *lie* da *lay*, kuma a nan ne Bahaushe yake da rinjaye a kansu in ya lura. *Lie* aikatau ne ƙi-karɓau, ma'anarsa kwanta. *Lay* so-karɓau ne, ma'anarsa kwantar da, ko *kwantad da* yadda bakin da yawa daga cikinmu yake faɗa, ko ajiye wani abu. Dangantakar da ke tsakaninsu ita ce wadda muka sani a aji na biyar na tsarin aikatau da F. W. Parsons ya tsara wa Hausa a 1960. Haka *sit* da *set*, zauna da zaunar da. *Rise* da *raise*, tashi da tayar da. *Fall* da *fell*, faɗi da kayar da, kamar yadda ake kayar da itace. Har *drink* da *drench* ƴan wannan gida ne, sha da shayar da, ko da yake ta biyun ta koma "jiƙa sharkaf", sai a wajen ɗura wa dabba magani take riƙe da tsohuwar ma'anarta.

A kakan harsunan Jamusawa da Ingilishi akwai ɗafa-ƙeyar da take yin wannan aiki na sa wani ya aikata. Ta sauya wasalin saiwar kalma, daga baya ita kanta ta ɓace, ta bar sauyin wasalin kaɗai a matsayin shaida. Hausa ta riƙe alamarta a fili, shi ya sa ba mai cewa "na kwanta yaro". Ingilishi ya rasa tasa, sannan ƙaddara ta ƙara dagula lamarin: shuɗaɗɗen lokacin *lie* shi ne *lay*, daidai da siffar yanzu ta ɗan'uwansa. Jerin su ne *lie, lay, lain* a gefe ɗaya, *lay, laid, laid* a ɗaya gefen. Ga kuma *lie* ta uku mai ma'anar yin ƙarya, wadda take bin ƙa'ida, *lied, lied*. Irin wannan karo yana faruwa a *fell*, wadda take shuɗaɗɗen *fall* kuma aikatau mai zaman kansa, da *found*, wadda take shuɗaɗɗen *find* kuma take nufin kafawa, mai shuɗaɗɗe *founded*. Wanda ya rubuta *the university was found in 1971* ya ce tsintar jami'ar aka yi.

Gwajin a nan shi ne a mayar da jimlar Hausa a ga ko "da" za ta biyo bayan aikatau. In ta biyo, ana bukatar *lay* ko *raise* ko *set*.

Wani tsari mai kama da wannan yana raba suna da aikatau ta hanyar ziza. A tsohon Ingilishi zuzau yakan sami ziza idan ya faɗo tsakanin wasula, kuma aikatau yana da wasali a ƙarshensa. Wasalin ya daina furtuwa, zizar ta zauna: *breath* da *breathe*, *bath* da *bathe*, *belief* da *believe*. Kalmomin aro ma sun shiga sahu, kamar *proof* da *prove*, *advice* da *advise*, *device* da *devise*: suna marar ziza, aikatau mai ziza. A Ingila an faɗaɗa wannan a rubutu har inda furuci bai bambanta ba, *practice* da *licence* sunaye, *practise* da *license* aikatau. Amurkawa, waɗanda rubutunsu ya bi sawun ƙamus ɗin Noah Webster na 1828, sun sauƙaƙa wa kansu, *practice* da *license* suke rubutawa ga duka biyun. Marubuci ya zaɓi tsari ɗaya ya tsaya a kansa daga farkon kundi har ƙarshe.

Inda Faransanci yake taimako, da inda yake cin amana

Bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci da na Latin sun kwarara cikin Ingilishi har suka zama kaso mai yawa na ƙamus ɗinsa. Matsalar ita ce Ingilishi yana ƙarfafa gaɓa ɗaya a kalma, sauran wasulan kuma sukan raunana su koma wani wasali na tsakiya da ake kira *schwa*. Don haka *affect* da *effect* kusan furuci ɗaya ne a magana mai sauri, haka *accept* da *except*, *principal* da *principle* kuwa ba bambanci ko kaɗan. Mai Ingilishi kaɗai sai ya haddace. Mu kuwa muna da mabuɗi a aljihu, domin Faransanci yana furta wasulan a fili: *affecter* da *effet*, *accepter* da *excepté*, *principal* da *principe*, *complément* da *compliment*. *Affect* galibi aikatau ne, shafar wani abu. *Effect* galibi suna ne, sakamako. Inda *effect* ta zama aikatau, daidai take da *effectuer*, watau aiwatarwa.

Amma mabuɗin nan ba kowace ƙofa yake buɗewa ba. *Conseil* guda ɗaya tana fassara *council*, majalisa, da *counsel*, shawara. *Dessert* ta Ingilishi da *z* ake furta ta duk da *ss* ɗinta, saboda haka ba ta da bambanci a kunne da aikatau *desert*, gudu daga bakin aiki, alhali sunan *desert*, hamada, a gaɓar farko ake ƙarfafa shi. Ɗan ƙasar da Tenere take cikinta bai kamata ya mayar da hamadarsa kayan zaƙi ba. Sannan ga tarin kalmomin da harafi ɗaya ko biyu ya raba su da takwarorinsu na Faransanci, waɗanda hannu yake rubutawa kafin hankali ya farga: *address* da *adresse*, *example* da *exemple*, *responsible* da *responsable*, *literature* da *littérature*, *development* da *développement*, *independence* da *indépendance*, *marriage* da *mariage*. Waɗannan aƙalla kwamfuta tana kama su.

Kurakuran da namu ne

Akwai rukunin da ba za a same shi a littattafan da aka rubuta domin ƴan Ingila ba, saboda su ba sa rikita shi. *Live* da *leave*, *sit* da *seat*, *fill* da *feel*, *this* da *these*, *his* da *he's*. A zahiri abin ya kamata ya zo wa Bahaushe da sauƙi tunda harshensa yana bambanta dogon wasali da gajere. Dalilin da ya sa bai zo da sauƙi ba yana cikin tsarin gaɓa. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da gajeren wasali da baƙi. Ba a yarda dogon wasali ya zauna a rufaffiyar gaɓa ba. Shi ya sa wasalin ƙarshe na *gida* yake da tsawo, amma da zarar an ce *gidan* sai ya gajarce. Wannan doka ita muke ɗauka mu shiga da ita Ingilishi ba da saninmu ba: *leave* rufaffiyar gaɓa ce, sai bakinmu ya gajarta wasalinta ta koma *live*, abin da baki ya haɗa kuma hannu ya bi shi. Faransanci ba ya ceto a nan, domin shi ba ya raba kalmomi da tsawon wasali irin wannan.

Hausa ba ta bambanta *p* da *f*, ba ta da *v*, saboda haka *pull* da *full* ko *vote* da *boat* sukan rikita wanda bai yi Faransanci ba. Wanda ya yi ya riga ya sami waɗannan sautuka. A wajen *h* kuwa Hausa ce take ceton mu daga Faransanci, wanda ba ya furta ta: *hair* da *air*, *heat* da *eat*, *hear* da *ear* ba su kamata su dame mu ba. Sautukan *th* ne babu su a ko wanne, shi ya sa *think* da *sink*, *thing* da *sing* suke haɗuwa. Wannan rukuni jerin kalmomi ba ya maganinsa, sai horar da kunne da tagwayen da sauti ɗaya ya raba, irin atisayen da muke yi a darasin tsarin sauti.

*Lose* da *loose* labarinsu daban ne. Wasalinsu ɗaya, baƙin ƙarshe ne ya bambanta, *z* a ta farko, *s* a ta biyu, kuma rubutu bai nuna hakan ta hanyar da za a zata ba. Kamannin *choose* ne yake jan hannu ya ƙara *o*. A nan kam sai hadda, ko a tuna cewa *lose* ƴar'uwar *lost* da *loss* ce, duk *o* ɗaya.

Ba kowace doka ce doka ba

Littattafan gyaran rubutu sukan zuba dukan waɗannan a kwando ɗaya tare da *less* da *fewer*, da *who* da *whom*. Ɗalibin kimiyyar harshe ya kamata ya tace. Rubuta *there* a gurbin *their* saɓa wa ƙa'idar rubutu ne da kowa ya amince da ita. Amma dokar da ta ce *fewer* ga abin ƙirgawa, *less* ga abin aunawa, masana tarihin harshen suna danganta ta ne da wani marubuci, Robert Baker, wanda ya faɗe ta a 1770 a matsayin abin da ya fi masa daɗin ji. An sami *less* da abin ƙirgawa tun a rubuce-rubucen zamanin Sarki Alfred, a ƙarni na 9. Amfani da *lay* da ma'anar kwanta shi ma yana nan tun ƙarni na 14. *Whom* kuwa ragowar tsohon tsarin ɗafa-ƙeya ce da yake mutuwa. Tana nan da rai bayan kalmomi irin su *to* da *for*, kuma gwajinta shi ne a amsa tambayar, in amsar *him* ce to *whom*, in *he* ce to *who*, amma a maganar yau da kullum *who* ta cinye gurbin.

A ra'ayina, a kundi da jarrabawa da wasiƙar neman aiki a bi dokar, a rubuta *fewer students*, domin mai dubawa ita ya sani kuma ba wurin gardama ba ne. Ko a can ɗin ma dokar tana da iyaka: kuɗi da lokaci da nisa *less* suke ɗauka ko da an ƙirga su, *less than ten kilometres*, *less than three years*, domin ana kallonsu a dunƙule ne, ba ɗaya bayan ɗaya ba.